Mai Cin Fara Ba Ya Yi wa Mai Cin Ganye Dariya

To, 'yan gardama, a matso kusa, a gyara zama. Labarin wani abinci na kawo yau, kuma na san kafin in kai tsakiya wani zai ce, "Kai, Malam, ka ji tsoron Allah." Tsiro ne da ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da ƙwayar iri da za ka zuba a tafin hannu ka ƙirga. Yana ɓullowa daga ƙasa a nannaɗe bayan ƙanƙara ta narke, kwanakin cinsa a wuri ɗaya ba su cika wuce mako biyu ba, kuma in ka kuskura ka ci shi ɗanye, kai da buta sai an shiga tsakani. Duk da haka mutane masu cikakken hankali, masu aikin ofis da mota a ƙofar gida, suna tashi da duku-duku, su zura takalmin roba, su shiga daji da bokiti suna nemansa, tun daga gabashin Kanada har tsaunukan Japan.

Na ji ka, Alhaji. "Yunwa ce." Riƙe wannan a aljihu, za mu neme shi nan gaba.

Turawa suna kiran dangin tsiron nan fern, kuma dangi ne babba, nau'insa ya haura dubu goma. Tsoho ne ƙwarai. An ga shatar ganyensa a jikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 300, tun babu bishiya ko ɗaya mai fure a doron ƙasa. Kada ka ce ba ka taɓa ganinsa ba. In ka taɓa bin motar shanu zuwa kudu, shi ne koren ganyen nan mai tsaga-tsaga da ke maƙale a jikin itacen kwakwar manja. Yana cikin tsagin duwatsun Jos da damina. Yana cikin tukwanen ado a harabar manyan otal na Abuja, inda ake kula da shan ruwansa fiye da na maigadi. Kakanninmu ma ba baƙinsa ba ne ɗungum: likitan nan J. M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo agugu, saiwar wani daga cikin dangin, wadda ake kawowa daga Adamawa ana sayarwa don korar tsutsar ciki.

Abin da ya hana shi zama ɗan gari a Kano ko Maraɗi shi ne yadda yake haihuwa. A bayan ganyensa akwai wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, cike da gari mai laushi da iska ke kwasa. In garin ya faɗi a wuri mai laima, sai ya fitar da wani ɗan falle kore, kwance a ƙasa, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A jikin fallen nan ake samun ɓangaren namiji da na mace, kuma dole ƙwayar namijin ta yi iyo cikin ɗigon ruwa kafin ta isa inda za ta. Babu laima, babu ɗaurin aure. To ka gaya mini, a ina zai samo wannan a Gumel cikin watan Afrilu? Wanda ya haɗa wannan labari ya tashi guda a 1851, Wilhelm Hofmeister, mai sayar da littattafai ne a Leipzig ta Jamus, ba shi da digiri ko ɗaya, da asuba yake bincikensa kafin ya buɗe shago. Kafin zamaninsa kuwa, mutanen karkarar Ingila sun yi imani cewa tsiron yana da iri, ɓoyayye ne kawai, ana kama shi a dare ɗaya cikin watan Yuni, kuma duk wanda ya samu ya sa a aljihu ba mai iya ganinsa. Ɗan boko, ka ji ko? Kana raina kakanka a kan layar zana, ashe kakan Bature ma ya kwana a daji da faranti yana jiran tasa.

Mu je inda ake abin da gaske. New Brunswick lardi ne a gabashin Kanada, yana iyaka da jihar Maine ta Amurka. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin da mu nan muke kwana a tsakar gida da mafici a hannu, ƙanƙarar da ta yi watanni a kwance tana narkewa. Kogin Saint John ya cika, ya tumbatsa, ya janye, ya bar laka a fadamu da tsibirai. Cikin lakar nan, a ƙarƙashin bishiyoyin da ba su riga sun yi ganye ba, za ka ga wasu baƙaƙen kututture, girman dunƙulen hannu. A kan kowanne akwai kawuna biyar ko shida ko fiye a cure, kowane kai a lulluɓe da wani siririn ɓawo mai ruwan ƙasa wanda ke saluɓewa da ka taɓa. Ka bare shi sai ga abu kore shar, yana sheƙi, a naɗe tam, faɗinsa bai fi gaɓar babban yatsa ba.

E, Hajiya, na ga kin taɓe baki, kuma na san abin da za ki ce: ƙadandoniya ce aka taɓa ta ta dunƙule. Ba ki yi ƙarya ba, kamar har ta ɓaci. Sai dai wannan ba ta da ƙafa, kuma ana sayar da ita a kan sikeli. Mutanen wurin su kuma lanƙwasar kan gogen Turawa suka gani, suka sa masa sunan, mu ma sai mu ce kan-goge mu huta.

Ki daure ki tsuguna ki duba, don naɗin nan ba na banza ba ne. Ganyen gaba ɗayansa yana ciki, an gama tsara shi tun bara, ya yi sanyin shekara a ƙarƙashin ƙanƙara yana jira. Tsininsa, wurin da yake girma, wanda ya fi ko'ina rauni, shi ne a can ƙuryar naɗin. Da gadon baya yake ture laka da ruɓaɓɓen ganye ya fito, tsinin yana ɓoye ba abin da ya taɓa shi. Da ɗumi ya sauka, sai gefen ciki na karan ya fi na waje saurin tsawo, naɗin ya riƙa warwarewa daga ƙasa zuwa sama. Kowane ƙaramin ganye na gefe shi ma da nasa ɗan naɗin, yana jiran layi ya zo kansa. Wanda kika gani yau da safe, gobe in kin dawo ya sake tsayi. Bayan 'yan makonni ya miƙe ya kai ƙirjin mutum, ya baje da siffar gashin jimina, wanda daga nan wannan nau'in ya samo sunansa. A lokacin kuwa ya yi tauri, ya yi ɗaci, ciniki ya tashi sai baɗi.

Masu tsinka suna da ƙa'ida. Karan na gaskiya sumul yake, ba gashi, kuma yana da kwari mai zurfi ta gefen ciki daga sama har ƙasa. Ana karya shi tun bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ba a kwashe kawunan kututture duka, ana barin aƙalla rabi, don masu binciken noma a Jami'ar Maine sun nuna cewa wanda ake yi wa ƙarƙaf shekara bayan shekara ƙanƙancewa yake yi, wani ma ya mutu. Akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba: mutum zai ba ka aron motarsa, amma ba zai gaya maka fadamarsa ba. Mutanen asali na ƙasar, Wolastoqiyik da Mi'kmaq, su suka san abin tun fil azal, a wurinsu Turawan da suka zo daga baya suka koya. A lardin, ƙauyen Tide Head ya kira kansa babban birnin kan-goge na duniya, a Plaster Rock an sassaƙa masa ƙaton gunki na katako a bakin hanya, kuma mujallar adabi da aka kafa a Fredericton a 1945, wadda har yanzu take fita, sunansa ta ci. Ku faɗi gaskiya, wane gari ne a ƙasar Hausa ya taɓa yi wa zogale ko da allo?

Yanzu fito da abin da na ba ka ajiya, Alhaji. Ka ce yunwa, kuma ka ɗan taɓa gaskiya, sai dai ka kama ta ta wutsiya. Giram 100 na kan-goge bai fi kalori 34 ba, ko kwando ka ci ba za ka iya noma kunya biyu da shi ba. Mutumin da ya yi wata biyar yana cin dankali da nama mai gishiri, bai ga ɗanyen ganye ko a mafarki ba, abin da ke damunsa kwaɗayin kore ne, kuma wannan ne koren farko da ƙasa ke miƙo masa. Kai ma ka san wannan ciwon. Wa ke rige-rigen tsinko tafasa da an yi ruwa biyu? A gidan wa ake kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, a ce wai na mata da yara ne, sai a tarar maigida ya ja kwanon bayan ƙyaure? Can su kuma tafasa shi suke yi, su sa man shanu da ɗigon binega, su ci da kifin salmon. Ɗanɗanonsa tsakanin ɗanyen wake ne da alayyahu, da ɗan ɗaci-ɗaci daga ƙarshe, kuma yana ƙaras a haƙori.

"To ai kai da bakinka ka ce yana murɗa ciki." Na faɗa, kuma ban janye ba. A watan Mayun 1994, mutane suka ci kan-goge a wani gidan abinci a jihar New York, wasu kuma a garin Banff da ke yammacin Kanada, suka kwana amai da gudawa. Jami'an lafiya suka bi diddigi, sai aka tarar da abu guda: masu girkin ba su ba shi fiye da minti biyu a wuta ba. Wani gidan abincin da ya saya a hannun wanda ya sayar wa na New York amma ya tafasa minti goma, ba wanda ya koka. Sauri ya haifi nawa. Shi ya sa ma'aikatar lafiya ta Kanada take nanata wa jama'a duk shekara: a wanke a ruwa da yawa, a tafasa minti 15, ko a turara minti 10 zuwa 12, a zubar da ruwan, sannan in za a soya a soya. Ciwon yakan taso tsakanin rabin awa zuwa awa 12 bayan ci, kuma galibi ya lafa cikin kwana guda. Lura da waɗanda abin ya faru a hannunsu. Ba tsofaffin bakin kogi ba ne, masu farar hula ne da takardar shaida.

Kuma wannan na Kanada ɗan lele ne. Yana da wani yaya, shi ne mugun. Wannan yana fitowa a kowace nahiya in ban da Antatika, yana nan a tsaunin Mambila da Obudu da duwatsun Kamaru, ya mamaye gangara ya hana ciyawa sakat. Kansa ba ɗaya ba ne, ya rabu uku, ga gashi a jika. Saniyar da ta daɗe tana cinsa takan yi fitsarin jini, ƙari ya fito mata a mafitsara. Doki yakan kama tangaɗi, saboda tsiron yana lalata bitamin B1 a jiki. Tumaki sukan makance. A 1983 masana a Jami'ar Nagoya suka ware dafin da ke ciki, suka sa masa suna ptaquiloside, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa tsiron a rukuni na 2B, na abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Wannan shi mutanen Japan ke kira warabi, na Koriya su ce gosari, kuma shi suka fi ci.

Ina jin tafi daga bayan majalisa. "Shi ke nan, magana ta ƙare, ka kashe kanka da kanka." Dakata, ɗan'uwa, goge man tsiren da ke bakinka tukuna. Hukumar nan dai, a 2015, ta sa jan nama a rukuni na 2A, wato mataki ɗaya sama da warabi. Naman da aka sarrafa da gishiri aka adana kuwa, har da busasshen nama irin na Afirka ta Kudu wanda ɗan'uwan kilishi ne na jini, ta sa shi a rukuni na 1. Don kada in zalunce ka, rukunan nan ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba, kuma ni ma ban daina cin kilishi ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga yadda tsohuwa a ƙauyen Akita ko Yamagata take yi da warabinta, ku saurara ku gaya mini ko baƙon abu ne. A ranar da aka tsinko, tun bai yi tauri ba, za ta jera shi a faffaɗan mazubi. Ta ɗebo tokar itace daga murhu ta barbaɗe shi. Ta tafasa ruwa ta kwarara har ya sha kansa, ta ɗora faifan katako ta danne, ta tafi ta kwanta. Da safe ruwan ya rine ya yi duhu, ganyen kuwa ya ƙara kore. Ta zubar, ta ɗauraye, ta jiƙa a sabon ruwa, ta gutsura ta ɗanɗana, in da sauran ɗaci ta sake canja ruwa. In toka ta yi yawa ya narke ya zama kunu, in ta yi kaɗan ya kama harshe, kuma ba ta auna komai da cokali, hannunta ya sani. Jikarta ta birni da ba ta da murhu farar hodar soda take sawa. Masu bincike sun zo daga baya suka gano dalili: dafin yana narkewa a ruwa, kuma zafi da kaifin toka suna wargaza shi. Ba lallai ya fita tas ba, shi ya sa likitocinsu ke cewa a ci da lissafi, kada a mai da shi tuwon kullum. Amma mafi yawansa yana bin ruwan da aka zubar.

Hajiya, ke da ke tace ruwan toka ki sa a miya, ke da ba ki dafa wake sai da kanwa, me kika ji a nan wanda kakarki ba ta sani ba? Mutanen Damagaram suna jiƙa 'ya'yan hanza kwana da kwanaki suna canja ruwa kafin ɗacin ya fita a ci. Garin kwakin da ɗalibai ke sha da sukari daga rogo mai ɗaci yake, wanda ɗanyensa yana iya kashe mutum, sai an gurza, an matse, an bar shi ya yi tsami, an soya. Ba wanda ya kira wannan hauka. Kalwa kuwa, mu dafa ta, mu rufe ta a ɗaki har warin ya kori maƙwabta, mu fito da ita mu ce daddawa, miya ba ta miya sai da ita. Ban ma zo kan fara ba. Mutumin da ke cire wa ƙwaro fiffike ya soya da yaji ya ƙulla a leda ya kai wa surukarsa tsaraba, shi ne yau yake riƙe ciki yana dariyar mai cin ganye.

Mutanen Koriya ta rana suke bi. Su tafasa gosari, su shanya shi har ya koma baƙin tsinke, su ajiye ya shekara. Ranar buƙata a jiƙa ya kwana, a sake tafasawa, a bar shi cikin ruwan ya huce, a wanke, sannan a soya da tafarnuwa da romon waken soya da man riɗi. 'Yan matan da ke raba dare kan fim ɗin Koriya, ku ne shaiduna. Kwanon shinkafar nan mai kayan lambu kala-kala da ƙwai a tsakiya, wanda kuke haɗiyar yawu in jarumin ya cakuɗa, bibimbap, to, zare-zaren nan masu ruwan ƙasa da ke gefe, shi ne abin da babanku yake ta zagi tun ɗazu. A bikin Chuseok na kaka, in an shirya teburin tuna iyaye, yana cikin ganyaye uku da ake jerawa: fari, kore, da mai ruwan ƙasa. Abin da ake ajiye wa kakanni ba abin da aka raina ba ne.

A tsibirin Jeju, cikin Afrilu, har abin yakan zama aikin hukuma. Mai tsinka yana tafe kai a sunkuye, wannan ya kai shi ga wancan, wancan ya nuna masa na gaba, in ya ɗago sai ya ga hazo, ba hanya ba mota. Duk shekara sai 'yan kwana-kwana sun fita neman ɓatattu, suna roƙon mutane su tafi da usur da waya mai caji, kuma kada a tafi a kaɗaice. A arewacin Japan kuwa ƙararrawa suke ratayawa ko su kunna rediyo, don dabbar beyar ita ma lokacin take fitowa daga barcin sanyi da yunwarta. Na yarda, a nan kuna da 'yar magana. Ni ma ba zan yi jayayya da beyar a kan ganye ba.

Japan suna da wani abin da zai yi wa Bakano daɗin ji. Daga saiwar warabi ake fitar da wani sitaci, a yi wani kayan zaƙi mai santsi da shi, warabimochi. Saiwar wuyar haƙa gare ta, sitacin kaɗan ne, tsadarsa ba a magana. Don haka mafi yawan wanda ake sayarwa a shaguna da sitacin dankalin Hausa ko na rogo ake yin sa, sunan ne kawai na warabi. Ashe ba mu kaɗai muka iya sirki ba. Kuma tun da Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, ba mamaki man da aka ɗiga a kan ganyen da kake ƙyama daga gonar ƙaninka ta Jigawa ya fito.

Ga wani can ya gyara rawani, ya yi gyaran murya. "Wannan duk cimar waɗanda ba su san halal da haram ba ce." Allah gafarta Malam, a yi hattara. A Sumatra ta Yamma, ƙasar Minangkabau, inda addini ya zauna da gindinsa, ana dafa wani ɗan dangin nan da madarar kwakwa da barkono da kurkum, gulai pakis, a karya kumallo da shi da curin shinkafa. Indonesiya ce fa, ƙasar da alhazanta suka fi na kowa yawa a filin Arfa. Mutumin da ya matsa maka ka samu sahu a Harami, wataƙila da shi aka yaye shi. A Malesiya ana soya shi da barkono, a Assam ta Indiya ana kiransa dhekia, a Nepal niguro, a Filifin pako. In kuma nisan ne ya dame ka, a nahiyarmu ma mutanen Kongo suna cin ɗan'uwan warabi, suna ce masa misili, ana kasa shi a kasuwannin Kinshasa. In aka yi ƙidaya, mu da ba mu ci mu ne abin kallo.

Roƙona ɗaya, kada labarin nan ya kai kunnen mai lasifika a bayan mota. Kafin Juma'a za ku ji an ce an kawo saiwar Japan mai maganin basir, sanyin ƙashi, shawara, da abin nan da ba a faɗa a gaban yara. Ganye ne kawai. Yana da bitamin A da C, da sinadarin ƙarfe, da harza mai gyara ciki, kamar sauran ganyaye. Bai taɓa mayar da tsoho yaro ba.

Kai kuma saurayi mai zafin kai, wanda tun da na ambaci Mambila yake laluben takalmi, zauna. Cikin dubban nau'in nan kaɗan ne ake ci, da yawa suna kama da juna tun suna naɗe, kuma kowane da irin gyaran da yake bukata. Duk inda ake cin abin nan, akwai tsohuwar da ta nuna wa wata da yatsa, ta ce wannan, ba wancan ba. In ba ka da irin wannan tsohuwa, waya ba za ta maye maka gurbinta ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho, kuma ni ba na zuwa dubiya.

Na lura Alhaji ya yi shiru tun ɗazu, yana ta latsa kalkuleta. Na san abin da ya faru, ya ji an ce a kasuwannin Boston da New York laba ɗaya, wadda ba ta kai rabin kilo ba, takan haura dala goma. Mutumin da ya fara da "yunwa ce" yanzu tambaya yake, "Buhu nawa ake samu a eka? Ana ba da sari? Zai kai Dawanau bai lalace ba?" Ba zai kai ba, Alhaji, 'yan kwanaki yake yi ko a firji. Amma in nomansa kake so a gonarka ta Bichi, abin da ake bukata ba yawa: inuwar manyan bishiyoyi, kogin da zai malale gonar ya janye duk shekara, haƙurin 'yan shekaru kafin kututturen ya yi ƙarfi, da kuma wata huɗu ko biyar na ƙanƙara kwance a kan ƙasa, a garin da ƙanƙarar zoɓo ma sai an bi layi da azumi. In ka haɗa waɗannan ka aiko yaro, ni zan zo da tukunya.